Yadda za ka gyara kuskure a salsalar gidanku da aka ɗora a intanet

Gidajen Hausawa da dama a Garwa, Marwa, Ngaundere da Kusiri yanzu suna da wani ɗa ko jika da ya zauna ya shigar da sunayen kakanni a ɗaya daga cikin shafukan salsala na intanet. Galibi mai wannan ƙoƙari yana nesa da gida, a Yawunde ko Duwala, ko Kano, ko Faransa, kuma abin da ya rubuta shi ne abin da ya riƙe daga hirar manya tun yana yaro. Niyyarsa mai kyau ce, Allah ya saka masa da alheri. Amma wanda ya san gidan, in ya buɗe irin wannan salsala, da wuya ya rufe bai ga abin da ya tsaya masa a rai ba. Kaka da jikan da aka yi wa takwara da shi sun zama mutum ɗaya. 'Ya'yan amarya an jingina su ga uwargida. Tsohon da aka haifa a Fort-Lamy, wato Njamena ta yanzu, an rubuta masa garin da bai taɓa takawa ba. Kuskuren da ke kan takarda yana kwance a akwati, na intanet kuwa kwafarsa ake yi, har ka same shi a salsalar dangi daban-daban, kowa yana kafa hujja da ɗan'uwansa.

Goge suna a rubuta wani ba wuya. Wuyar ita ce gyaran ya zauna. Duk gyaran da ba a rubuta dalilinsa ba, wani ɗan'uwa zai zo bayanka ya mayar da shi yadda yake, shi ma yana ganin gyara ya yi. Saboda haka duk matakan da ke ƙasa a kan abu ɗaya suke: ka gyara da hujja, ka bar hujjar inda na bayanka zai gan ta.

Fara da sanin irin shafin da kake kai

Shafukan nan iri biyu ne. A FamilySearch salsala ɗaya ce tak ta kowa da kowa. Duk wanda ya yi rajista, kuma kyauta ake yi, yana iya taɓa bayanin kowane mamaci, ko da ba shi ya shigar da shi ba. Geni da WikiTree ma na tarayya ne, sai dai a can akwai masu kula da kowane suna, kuma wani lokaci sai da izininsu. A Geneanet kuwa, shafin Faransa da aka kafa a 1996 wanda kamfanin Ancestry ya saya a 2021, da MyHeritage, da shi kansa Ancestry, kowa da tasa salsalar. In kuskuren yana cikin ta wani, hannunka ba ya kaiwa, sai dai ka yi masa magana.

Akwai abin da ya kamata manyan gida su sani game da FamilySearch. Mallakar wani coci ne da ke birnin Salt Lake City a jihar Utah ta Amurka, wanda aka fi sani da cocin Mormon. Ba sai mabiyinsu ne ke rajista ba, kuma ba sa karɓar ko sisi. Amma a aƙidarsu mabiyi yana yi wa kakanninsa da suka rasu baftisma a madadinsu, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa suke tara sunayen mutanen duniya. Ƙa'idar cocin ita ce mabiyi ya gabatar da sunan danginsa kawai. Duk da haka, a ganina bai dace yaro ya ɗora sunayen kakannin gidan Musulmi ba tare da ya faɗa wa iyayensa wannan ba. Gidan da hankalinsu bai kwanta ba suna iya ajiye salsalarsu a kwamfuta da manhajar Gramps, wadda kyauta ce kuma ba ta buƙatar intanet.

Kada ka taɓa komai tukuna

Ranar da ka ga kuskure ba ranar gyara ba ce. Ɗauki hoton allon yadda yake, da sunan mutumin, da matansa, da 'ya'yansa. A FamilySearch kowane mutum yana da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma bakwai, huɗu sannan ɗan layi sannan uku. Rubuta ta a littafi, domin a gidan da ke da Muhammadu biyar, lambar nan ce kaɗai za ta hana ka ɓata.

Daga nan buɗe jerin canje-canjen da aka yi wa sunan. Shafin yana ajiye wanda ya canza, da ranar, da dalilin da ya bayar in ya bayar. A nan za ka gane tushen matsalar. Wani kuskuren daga mantuwa ne. Wani kwafo shi aka yi daga salsalar wani. Wani kuma ya faru ne ranar da wani baƙo, wanda bai san gidanku ba sam, ya ga sunaye biyu masu kama ya haɗe su. Maganin kowanne daban ne, kuma wanda ya fara goge-goge bai duba wannan jeri ba, garin neman gira zai rasa ido.

Tara hujja, kuma a nan aikin yake

Fara da tsofaffin mata. Maza sun fi riƙe layin uba, wane ɗan wane ɗan wane. Amma wa ta haifi wa, wa aka saka ta koma gidansu da ciki, wa aka ba wa riƙo, wa ya sha nonon wa, wannan ilimin goggo ne da inna da kaka. Je ka same su ɗaya bayan ɗaya, ba a taron biki ba, domin a gaban jama'a ƙarama ba za ta musa wa babba ba ko da ta fi ta sani. Nemi izini ka ɗauki muryar a waya, ka fara da faɗin ranar da sunan mai magana da dangantakarta da wanda ake magana a kansa.

Yadda ka yi tambaya shi ne zai ba ka amsa ta gaskiya ko ta kara. In ka ce, "Goggo, ba Umaru ne sunan baban Kaka ba?" za ta iya cewa e don kada ta ba ka kunya. Ce mata, "Goggo, wa ya haifi Kaka?" ka yi shiru. Ka kuma tuna da alkunya. Tsohuwa ba za ta ambaci sunan mijinta ba, ko na ɗanta na fari, ko na surukinta. Kada ka matsa mata. Ta ce maka "mai sunan Malam" ko "Babban gida", sai ka nemi sunan yanka wurin wanda bakinsa ba ya nauyi a kai. Yawancin Abba da Baffa da Ummi da Iya da ke cikin salsalolin intanet ba sunayensu ke nan ba, sunan wani babba aka mayar musu, aka ɓoye shi da wannan.

Shekara kuma ba a tambayar ta da alƙalami. Tsofaffinmu da abin da ya faru suke lissafi, saboda haka ka tafi da 'yan shekarun da ka tabbatar a kanka. Jamusawa sun kama Garwa a 1901, Marwa a farkon 1902. Sojojin Ingila da na Faransa sun ƙwace Garwa daga hannunsu a watan Yuni na 1915, dutsen Mora kuma bai sallama ba sai Fabrairun 1916. A Agustan 1940 Cadi, ƙarƙashin gwamna Félix Éboué, ta bi Janar de Gaulle, aka shiga ɗibar soja. Kamaru ta sami 'yanci ranar 1 ga Janairu 1960, Cadi ranar 11 ga Agusta na shekarar. Ƙuri'ar raba gardama da ta bar su Mubi a Najeriya an yi ta a Fabrairun 1961. An sauya wa Fort-Lamy suna zuwa Njamena a 1973, jirgin ƙasa ya iso Ngaundere a 1974, Ahmadu Ahijo ya sauka daga mulki a Nuwamban 1982. In goggo ta ce, "Babanka yana rarrafe aka yi ƙuri'ar Mubi," ka sami haihuwarsa a wajen 1960, ko da takardarsa ta ce 1964.

Sai rubuce-rubucen gida. A gidajen malamai da na fatake akan sami haihuwa da rasuwa a rubuce da ajami a bangon Alƙur'ani ko a gefen kundi. Irin wannan rubutu yana da ƙarfi ƙwarai, domin uba ne ko kaka ya rubuta shi a makon da abin ya faru, ba don ya nuna wa hukuma ba. Sai dai shekarar ta Hijira ce, kuma in aka shigar da 1362 yadda take, shafin zai ɗauka mutumin ya rayu ƙarni shida da suka wuce. Lissafin kusa shi ne ka ninka shekarar Hijira da 0.97 ka ƙara 622. Shekarar 1362 za ta ba ka 1943, 1380 kuma ta ba ka 1960 zuwa 1961. Da yake shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, takan hau kan shekaru biyu, don haka in an rubuta wata da rana, nemi manhajar juya kwanan wata ta fitar maka daidai.

Takardun hukuma su ma ka tattaro: takardar haihuwa, katin ɗan ƙasa, littafin iyali, littafin tsohon soja, fasfon aikin hajji, takardar rabon gado, takardar fili. Amma kada hatimi ya rufe maka ido. Duba ranar da aka yi takardar. Wadda aka rubuta a ofishin magajin gari kwanaki kaɗan bayan haihuwa daban take da wadda ta fito daga jugement supplétif, wato hukuncin kotu da ake nema wa wanda ba a yi wa rajista a kan lokaci ba. Da yawa daga cikin iyayenmu ba su sami takarda ba sai da jarrabawar gama firamare ta matso, likita ya ƙiyasta shekarunsu da ido, wani kuma aka rage masa biyu ko uku don kada ya wuce shekarun makaranta. Takardar da ke ɗauke da "né vers", wato an haife shi wajen shekara kaza, ita da kanta ta gaya maka ƙiyasi ne. Haka in ka ga rabin gidanku an haife su ranar 1 ga Janairu, ka san cike gurbi aka yi.

Ma'aunina shi ne: wa ya faɗa, yana wurin ko ji ya yi, yaushe ya faɗa, kuma yana da abin da zai samu in ya karkatar? Shaida biyu da ba su ji daga bakin juna ba sun fi goma da suka kwafa daga wuri ɗaya.

Gyara mutane kafin ka gyara sunaye

Akwai tsarin da ya kamata a bi, in ba haka ba za ka gyara rubutun sunan mutumin da tun farko ba shi ba ne.

Na farko, raba waɗanda aka haɗe bisa kuskure. Alamarsu a fili take: mutum yana haihuwa shekara saba'in a jere, ko ya auri mace da jikanyar tsararta, ko an haife shi bayan ɗansa. Kusan kullum takwara ce ta jawo, kaka da jika masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya. A FamilySearch, nemi ranar da aka yi haɗin a jerin canje-canje. In ba a taɓa komai ba tun daga ranar, akwai maɓallin warwarewa. In an riga an yi wasu canje-canje, sai ka buɗe sunan da aka shafe lokacin haɗin, ka dawo da shi, sannan ka mayar wa kowa matansa da 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne mai cin lokaci da kuɗin waya, ka yi shi inda rezo, wato sabis ɗin waya, yake da ƙarfi.

Na biyu, haɗa mutum ɗaya da ya rabu gida biyu ko uku. Mu da iyaka ta ratsa danginmu mun fi kowa fama da wannan. Mutumin da takardar Garwa ta kira Ousmanou, ɗan'uwansa na Yola ya shigar da shi Usman, goggo kuma Shehu take ce masa. Abubakar shi ne Garba, shi ne Bouba a bakin Fulani, shi ne Boukar a bakin Barebari. A'ishatu ita ce Aïssatou, ita ce Indo. Muhammadu na Marwa in ya zauna Njamena sai ya koma Mahamat. Shafin ba ya gane wannan da kansa, kai za ka gane. Amma kada ka haɗa don suna kawai. Sai uba ya dace, uwa ko mata ta dace, zamani da gari sun dace. In ɗaya ya ƙi, bar su a rabe, domin raba abin da aka haɗe ya fi haɗawa wahala nesa ba kusa ba. Waɗanda kuma shafin ke ta nuna maka a matsayin mutum ɗaya alhali ka san ba haka ba ne, danna cewa ba su dace ba ka rubuta dalili, don kada wani ya zo ya haɗe su gobe.

Na uku, dangantaka. Shafukan nan suna jingina yaro ne ga uba da uwa tare, saboda haka a gidan mai mata uku dole kowace ta sami sunanta, kowane yaro ya koma ƙarƙashin ɗakinsu. Wanda ya shigar da salsalar sau da yawa sunan uwargida kawai ya sani, sai ya tara mata 'ya'ya goma sha tara. Don gyara wannan ba a goge yaron. Alaƙar da ke tsakaninsa da wadda ba ta haife shi ba ita ake cirewa, sannan a ɗaura shi ga mahaifiyarsa. In ba a san sunan mahaifiyar ba tukuna, bar shi a ƙarƙashin uba kaɗai. Kada a manta da matan da aka rabu da su, da waɗanda suka rasu wurin haihuwa. Su ne suka fi ɓacewa daga salsala, alhali jikokinsu suna nan da rai.

Riƙo yana buƙatar kulawa ta musamman. Yaron da baffansa ya ɗauka tun daga yaye, ya kai shi makaranta, sau da yawa sunan baffan ne a takardarsa a matsayin uba. FamilySearch yana ba yaro damar samun iyaye fiye da ɗaya, kuma ana iya nuna irin alaƙar: ta haihuwa, ta riƙo, ko ta agolanci. Yi amfani da wannan. Ka sa mahaifi a matsayinsa, ka sa mariƙi a nasa, kowa ya sami haƙƙinsa. Aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta yi umarni a kira 'ya'yan riƙo da sunan ubanninsu, kuma maganar gado da ta wanda ya halatta a aura duk a kan wannan suke. Shayarwa ba ta da gurbi a shafukan nan, sai ka rubuta ta a wurin ƙarin bayani: wance ta shayar da wane tare da ɗanta wane. Wata rana wannan layi ɗaya zai iya hana a ɗaura auren da bai halatta ba.

Sai suna, shekara da gari

Shawarata ita ce babban suna ya zama sunan yanka, a rubuce yadda ya zo a takarda mafi tsufa in akwai. Sauran duka, rubutun Faransanci, na Hausar boko, laƙabi, sunan rana irin su Ɗanladi da Jummai da Asabe, a zuba su a gurbin wasu sunaye. Kada ka goge Djibrilla don kai Jibrilu ka saba rubutawa. Jikan da zai zo nema daga Yawunde da wancan rubutun zai nema. Alhaji, Hajiya, Malam, Goni da Modibbo suna da gurbinsu na muƙami, ba a cikin suna ba. Mace a shigar da ita da sunan mahaifinta, ba na miji ba. Gurbin sunan dangi kuma, wanda Faransawa ke kira nom, sunan uban mutum ake sa masa. Kada a ɗauki sunan da jikoki ke amfani da shi yau a liƙa wa kakan kaka, wanda ya rasu kafin a haifi mai sunan.

Shekarar da ba a tabbatar ba a rubuta ta da "vers", ko "avant", ko "après", wato wajen, kafin ko bayan shekara kaza, shafin yana karɓa. Wata kuma a rubuta shi da haruffa. In ka rubuta 03/04/1952 kana nufin 3 ga Afrilu, Ba'amurke zai karanta 4 ga Maris.

A wurin gari, shafin yakan kawo jerin sunaye ka zaɓa, kuma a nan hannu ke zamewa. Garoua daban, Garoua-Boulaï da ke gabas a kan iyakar Afirka ta Tsakiya daban. Yelwa unguwa ce a Garwa, amma akwai Yelwa ta Yawuri da ta jihar Filato, Sabon Gari kuwa ba a ƙirga su. Wanda aka haifa a Kusiri zamanin Faransa takardarsa za ta ce Fort-Foureau, na Sarh kuma Fort-Archambault. Zaɓi sunan yanzu don taswira ta gane, ka rubuta tsohon a bayani. Haka nan kafin 1983 arewacin Kamaru duka lardi ɗaya ne mai hedikwata a Garwa, don haka tsohuwar takardar Marwa ko Ngaundere da ta ce Nord ba kuskure ta yi ba.

Wani tarko da na ga yana kama mutane shi ne sunan gari a jikin sunan mutum. A ce kakanku ana ce masa Bakano, ko ana ƙara masa Katsina a bayan suna. Wannan asali yake nunawa, ba lallai wurin haihuwa ba. Kakanninmu da yawa fatake ne da suka biyo hanyar goro da hauren giwa zuwa Banyo da Tibati, wasu kuma maniyyata ne da suka nufi Makka a ƙasa suka yada zango a Fort-Lamy ko Abeshe, zangon ya zama gida. Ɗan da aka haifa a zango yakan gaji nisbar ubansa. Sai ka tambaya musamman: shi ya zo daga Kano da ƙafarsa, ko ubansa ne ya zo?

Rubuta dalili, ka liƙa hujja

Duk lokacin da ka canza wani abu a FamilySearch, akwai gurbin da ke tambayar dalili. Mutane suna tsallake shi ko su rubuta "gyara". Cike shi kamar kana yi wa wanda bai san ka ba bayani. Misali: "Na canza shekarar haihuwa daga 1964 zuwa wajen 1960. Takardar da ta ce 1964 ta fito ne daga hukuncin kotu da aka nema lokacin makaranta. Yayarsa ta ce yana rarrafe aka yi ƙuri'ar 1961, kuma muryarta tana cikin Souvenirs, wurin ajiye hotuna da muryoyi a shafin." Rubuta da Hausa, ka maimaita a taƙaice da Faransanci, domin danginmu na Najeriya ba sa karanta Faransanci, wasu jikokin na kudu kuma Hausarsu ta yi rauni.

Sannan ɗauki hoton takardar ko shafin ajamin, ka ɗora, ka ɗaura shi ga sunan a matsayin madogara. Takardar da ta saɓa wa ra'ayinka ma ka ɗora ta, ka faɗi dalilin da ya sa ba ka bi ta ba. In ka ɓoye ta, ranar da wani ya same ta zai ɗauka ya gano abin da ba ka sani ba, ya rushe aikinka.

In kuskuren a rubutun da masu aikin sa-kai suka kwafo daga tsohon rajista yake, buɗe hoton asalin ka gwada. Rubutun hannun magatakardan da yana da wuyar karatu, Haoua takan koma Haona. A tarin takardu da yawa FamilySearch yana ba da damar gyara abin da aka kwafo, hoton asali kuma yana nan yadda yake.

In salsalar ta wani ce

A Geneanet da MyHeritage da Ancestry sai ka aika wa mai ita saƙo. Ko a FamilySearch ma, inda kana da ikon gyarawa kai tsaye, in ɗan'uwa ne ya shigar, fara yi masa magana. Mutum ya ɓata dare da rana a kan aikin nan, kuma maganar iyayensa ce. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma ya danganta da yadda aka faɗe shi. Ga irin saƙon da nake ganin yana buɗe ƙofa:

"Assalamu alaikum Baffa, da fatan kuna lafiya da iyali. Na ga aikin da kuka yi na salsalar gidanmu, Allah ya saka da alheri. Akwai wuri ɗaya da nake neman ƙarin haske. An sa Kaka a ɗakin uwargida, ni kuma na ji daga Goggo cewa ta biyu ce ta haife shi, ga muryarta na turo. Ko akwai abin da kuka ji daban? In kun ga ya dace sai a gyara."

Kuskure ɗaya a saƙo ɗaya. In ka jero masa goma sha biyu, ba zai amsa ko ɗaya ba. Ka kuma bar ƙofar cewa shi ne mai gaskiya, domin wani lokaci yana riƙe da takardar da ba ka taɓa gani ba. In ya yi shiru, ko ya rasu, ko ya manta kalmar sirrinsa, gina taka salsalar daidai da hujjojinta a shafin, mai bincike zai ga biyun ya auna. In kuma kun kasa daidaitawa, kada ku shiga canza wa juna kullum. Ku rubuta riwayoyin biyu a bayani, kowace da sunan wanda ya faɗe ta, ku kai maganar gaban babban gida.

In takardar hukuma ce da kanta ta yi kuskure

Gyaran intanet ba ya canza komai a wurin hukuma. In sunan mahaifinka ya karkace a takardar haihuwarka, je ofishin magajin garin da aka yi ta, ka nemi a duba souche, wato asalin da ya rage a rajista. In asalin daidai yake, wurin kwafa aka yi kuskure, sabon kwafi ya wadatar. In a rajistar kuskuren yake, dokar Kamaru ta 29 ga Yuni 1981 ta ɗora gyaran a kan hukuncin kotu. An yi sabuwar dokar rajistar jama'a a Disamban 2024, saboda haka tambayi magatakardan kotu ko ofishin BUNEC, hukumar rajistar jama'a ta Kamaru, abin da ake buƙata yanzu kafin ka kashe kuɗin mota. A Cadi hukumar ANATS ce ke riƙe da wannan fanni. Ga wanda ya daɗe da rasuwa, in ba maganar gado ko fili ta taso ba, ba sai an je kotu ba, bayani a salsala ya isa.

Masu rai, da abin da ba a faɗa a kasuwa

FamilySearch yana ɓoye masu rai, wanda ya shigar da su kaɗai ke ganinsu. Amma in aka yi kuskure aka nuna mai rai a matsayin mamaci, bayaninsa ya fito fili. In ka ga haka, gyara nan take, in shafin ya hana ka, sanar da masu kula da shi. Kada ka ɗora katin ɗan ƙasa ko takardar haihuwar mai rai a ko'ina. A sauran shafukan duba saitin sirri da kanka, kada ka ɗauka an rufe.

Bincike kuma yakan tono abin da gida ya rufe: kakar da aka kawo a matsayin baiwa, ko ƙwarƙwara, ko ɗan da ake shakkar ubansa. Ban yarda a rubuta ƙarya don a rufe ba, ban kuma yarda yaro ya baza wa duniya abin da zai kunyata mutanen da ke raye ba. Bar gurbin babu komai, ka rubuta abin da ka ji a littafin gida, ka shawarci manya.

Bayan ka gama, danna alamar bibiya a kan kowane sunan da ka gyara, shafin zai riƙa sanar da kai in an taɓa shi. Ajiye kwafi a wajen intanet. Geneanet da MyHeritage da Ancestry suna ba ka damar sauke salsalarka a fayil ɗin da ake kira GEDCOM, wanda kusan kowace manhajar salsala ke buɗewa. A FamilySearch kuma ana iya samun sa ta wata manhaja irin RootsMagic. Sannan ka buga a takarda, ka rubuta ranar bugawa a sama, ka kai wa babban gida kwafi, ka aika wa reshen Najeriya ko na Cadi nasu. Lokacin Sallah ko wani biki, in an natsu, karanta wa tsofaffi da babbar murya, ɗaki bayan ɗaki, da alƙalami a hannunka. Duk inda aka tsayar da kai, rubuta wanda ya tsayar da kai da abin da ya ce, ka bi shi daga baya shi kaɗai ka ji sauran.